Kalwa Dubu Biyu da Arba'in da Bakwai

Ina da shekara arba'in ko kusa da haka na koma gidan mahaifina a Birnin Gwari, bayan na fita takaba. Da ni da mijina a wani ƙauye muke zaune a bakin daji, tafiyar yini guda daga birni, shi yana noman doya da dawa, ni ina yin daddawa. Ciwon ciki ya kwantar da shi kwana shida, Allah ya karɓi abinsa. 'Yata guda da ta rayu tana ɗakin mijinta, 'yan'uwansa sun karɓi gona, ba abin da ya rage mini a ƙauyen. Na ɗaure tukwanena da kwandon kalwa biyu, wata Bagwariya maƙwabciyata ta taya ni ɗauka a kafaɗa har cikin gari, ta kwana, da safe ta juya.

Mutum biyu na tarar a gidan: Baba, da ƙanwarsa Gwaggo, wadda take dafa masa abinci tun rasuwar mahaifiyata. Baba ya haura saba'in. Yanar ido ta rufe masa idon dama gaba ɗaya, na hagun ma ba ya ganin komai da shi sai haske da inuwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina ƙarama Uwata yake kirana. Shi ya koya mini karatu da rubutu kafin a yi mini aure, amma shekara ashirin da wani abu ban riƙe alƙalami ba.

Malami ne, sai dai ba irin waɗanda ake yi wa tururuwa don fiƙihu ko tafsiri ba. Hisabi shi ne fanninsa. Yana saurayi ya bi fatake zuwa Katsina, ya yi shekara tara a gaban wani tsohon malami, ya dawo da gafaka ɗaya da kai cike da lissafi. A da shi ake kira rabon gado, shi ake tambaya kwanan wata da lokacin shuka. Da idonsa ya mutu sai aka koma wajen wasu, ɗalibansa suka watse, zauren ya zama wurin hirar dattawa bayan la'asar.

Da hantsi yakan fito ya zauna a rumfar tsakar gida inda nake tsince kalwa. Ba shi da wanda zai koya wa, sai ya fara koya mini, ni kuma da farko ina sauraro ne don kada ya ji shi kaɗai. Ya ce kowa ya san cika da mara, yara ma suna wasa da su, amma adadi yana da wasu halaye da ba kowa ya sani ba. Ya sa na ƙirga kalwa takwas na zuba masa a tafin hannu. Ya ce abubuwan da suke raba takwas daidai ba saura su ne ɗaya da biyu da huɗu, in ka haɗa su bakwai ne, ba su kai shi ba, saboda haka takwas mai giɓi ne. Goma sha biyu kuwa, ɗaya da biyu da uku da huɗu da shida ke raba shi, a haɗe goma sha shida, sun zarce shi, shi mai rara ne. Sannan ya sa na ba shi shida. Ɗaya, biyu, uku, a haɗe shida, ba ƙari ba ragi. Ya ce wannan shi ne kamili, kuma irinsa ba su da yawa, kamar yadda kamilai ba su da yawa cikin mutane.

Akwai kuma wanda yake kira kurma, wato adadin da ba ya rabuwa kashi-kashi daidai sai dai ɗaya-ɗaya. Ya ba ni misali da talatin da ɗaya. Ya ce ka kira shi da rabi ba zai amsa ba, ka kira shi da sulusi ko rubu'i ko humusi ba zai amsa ba, kullum sai wani abu ya yi saura. Na yi dariya na ce ashe har a cikin lissafi akwai masu taurin kai irin Gwaggo. Gwaggo tana bakin murhu ta ce ta ji, kuma ba za ta amsa ba.

A hankali abin ya shiga raina. Ya nuna mini hanyar da ake gano kamilai. Ka fara daga ɗaya kana ninkawa: ɗaya, biyu, huɗu, takwas, haka har inda kake so. Duk inda ka tsaya sai ka haɗa abin da ka tara. In jimlar kurma ce, ka buga ta da ninkin ƙarshe, abin da ya fito kamili ne. Ɗaya da biyu uku ne, uku sau biyu shida. Ƙara huɗu bakwai ne, bakwai sau huɗu ashirin da takwas. Da haka ake samun ɗari huɗu da casa'in da shida, da dubu takwas da ɗari da ashirin da takwas. Ya ce waɗannan huɗun suna cikin littattafai, duk mai hisabi ya san su. Na biyar ne malamai suka yi ta nema.

Ranar da ya gaya mini na biyar, sai da ya sa na ɗauko gafaka. A can ƙasanta akwai 'yar takarda naɗe cikin fata, ta yi ja don tsufa. Ya ce ranar da zai baro Katsina malaminsa ya rako shi har ƙofar gari, abin da bai taɓa yi wa ɗalibi ba, ya danƙa masa ita, ya ce ba shi da doki ko riga da zai ba shi, amma ga kamili na biyar, bai taɓa rubuta wa kowa ba sai shi. Baba ya faɗi adadin da ka, a hankali, kamar mai karanta addu'a: zambar dubu biyu, wato dubu har sau dubu biyu, da dubu casa'in da shida, da ɗari da ashirin da takwas. Ninki goma sha ɗaya ake yi, na ƙarshe dubu da ashirin da huɗu, jimlarsu dubu biyu da arba'in da bakwai, kuma ita kurma ce. Shekara arba'in yana koyar da wannan. Duk ɗalibin da ya kammala a gabansa, da shi yake sallamarsa.

Da damina ta kankama ya ce yana so ya bar abin da ya sani a rubuce tun yana da sauran numfashi. Yana da warƙa goma na takarda da ya daɗe yana ɓoyo. Ni zan riƙe alƙalami, amma ya ce ba zan rubuta abin da ban fahimta ba, domin marubucin da bai san abin da yake rubutawa ba shi ke ɓata littafi. Kowace magana sai na gwada ta da hannuna. To da me zan gwada in ba kalwa ba? Talatin da ɗaya na gwada, ya ƙi rabuwa. Ɗari da ashirin da bakwai ma haka. Ɗari biyu da hamsin da biyar ya rabu da biyar nan take, ɗari biyar da goma sha ɗaya ya rabu da bakwai, dubu da ashirin da uku ya rabu da uku, duk muka zubar da su. Sai muka zo kan dubu biyu da arba'in da bakwai.

Ƙirga kalwar kaɗai ta ci mini safiya guda. Goma-goma nake jerawa a tabarma, in sun kai ɗari in juye a ƙoƙo, har ƙoƙo ashirin, da arba'in da bakwai a gefe. Ƙananan rabo, uku da biyar da bakwai, Baba ya yi su da ka yana nuna mini yadda ake yi. Daga goma sha ɗaya ni na yi da hannu, ina ɗebowa ina ajiyewa tsibi-tsibi. Ɗaya ta yi saura. Da goma sha uku shida suka yi saura, da goma sha bakwai bakwai, da goma sha tara goma sha huɗu. Kowane saura sai na zuba masa a hannu ya shafa ya yi murmushi. Daga nan ya ce ya isa, na gani da idona, kurma kurma ne. Na tambaye shi me ya sa muka tsaya a nan. Ya ce malaminsa ya riga ya tabbatar, mu tabarruki kawai muke yi.

Na juye kalwar a faifai na rufe da wani, na ɗora a kan rumbu. Bayan kwana biyu aka tashi da ruwa irin na marka, wanda ba ya tsayawa ba ya ƙarfi. Daddawata tana kwando a rufe da ganye, sai ta kwana uku kafin a taɓa ta. Gwaggo ta tafi barka a maƙwabta ruwa ya tsare ta, Baba ya yi azahar ya kishingiɗa. Ba ni da aikin yi. Na sauko da faifan na zauna a ƙofar ɗakina inda haske yake. Ashirin da ɗaya ba sai na gwada ba, tunda uku da bakwai sun ƙi, Baba ya koya mini wannan. Sai na fara ɗebo ashirin da uku. Ba wani abu nake nema ba, hannuna ne ya saba.

Tabarma ta cika da tsibi, faifai yana ƙarewa. Da na zo ɗiba ta ƙarshe na ƙirga abin da ya rage, ashirin da uku cif. Na shafa faifan, na kife shi na buga, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba. Na ƙirga tsibin, tamanin da tara. Na ce lalle na yi kuskure. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sake ƙirgawa har aka kira la'asar, ba wanda ya ƙaru, ba wanda ya ragu. Gabana ya faɗi kamar na fasa tulun wani. Na tattara su da sauri na mayar kan rumbu kafin Baba ya fito alwala.

Washegari muna wanke dafaffiyar kalwa a rafi na gaya wa Gwaggo. Ba ta san hisabi ba, amma ta gane abin da nake nufi tun ban gama ba. Ta tambaye ni ko akwai wanda zai mutu in an bar maganar yadda take. Na ce babu. Ta tambaya ko akwai marayan da za a ci wa gado saboda ita. Na ce babu.

"To ki zuba kalwar nan a tukunya," in ji ta. "Ido ya tafi, ɗalibai sun tafi, matarsa ta tafi. Abu ɗaya ya rage wa yayana da yake taƙama da shi, shi ne za ki ƙwace?"

Na ga gaskiyarta, na yi mata alkawarin zan yi shiru. Kalwar dai ban dafa ba. Kwana tara ina kai masa fura, ina jin darasinsa, ina rubuta warƙa ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Yana cikin farin ciki a kwanakin nan fiye da yadda na taɓa ganinsa tun dawowata. Har labarin Katsina yake ba ni, yadda malaminsa yake zana lissafi a kan rairayi da tsinke, yana goge kuskuren ɗalibi da tafin ƙafa ba tare da ya ce uffan ba.

A rana ta goma muka iso babin kamilai. Ya faɗi huɗun farko na rubuta. Sannan ya gyara zama ya ce in rubuta cewa na biyar yana fitowa daga dubu biyu da arba'in da bakwai, wanda kurma ne, an gwada an tabbatar. Na tsoma alƙalami a tawada na ɗora a takarda, hannuna ya ƙi tafiya. Da baki ne kawai da na iya yin shiru har abada. Amma shi da kansa ya ce kada in rubuta abin da ban gwada ba, kuma takarda tana daɗewa bayan mai ita.

"Uwata, ban ji alƙalami ba," in ji shi.

Na ce tawada ce ta yi kauri. Ya ce in ƙara ruwa. Na ƙara, na sake zama, har yanzu shiru. Ya juyo da fuskarsa wajena ya jira. Gwaggo ta daina daka.

"Baba, na gwada ashirin da uku," na ce. "Ya rabu. Tsibi tamanin da tara, ba saura."

Na ga leɓɓansa suna motsi kaɗan, kamar ƙiftawar ido biyu. Sannan ya ce, da murya kamar ba abin da ya faru, kalwa ce ta zube mini, ko ɓera ya ɗiba, ko na ƙara ban sani ba. Ya ce mace mai aiki goma a hannu ba a kama ta da laifi in ƙirga ta kuɓuce mata. Ya lalubi sandarsa ya shiga ɗaki. Ranar bai ci tuwo ba, washegari ma fura kaɗai ya kurɓa. Salla a ɗaki yake yi. Gwaggo ta daina yi mini magana, in za ta ba ni abu sai ta ajiye a ƙasa ta wuce. Ni kaina na yi ta zagin kaina. Na rasa miji na zo gidan ubana neman inuwa, ga abin da na saka masa da shi.

A rana ta uku da hantsi ya fito ya zauna a rumfa, ya ce in kawo faifan in jera masa. Na jera tsibi tamanin da tara a tabarma. Ya durƙusa yana bin su da yatsu, yana ƙirga wannan, ya tsallake biyar ya ƙirga wancan. Bai kai rabi ba ya koma ya zauna.

"Ba kalwarki ce ta zube ba," ya ce. "Tun kina rufe baki na buga ashirin da uku sau tamanin da tara a kaina, na ga ya fito. Na ɗora miki laifi ina sane. Ki yafe mini."

Na fashe da kuka, shi ya koma ba ni haƙuri. Da na natsu ya ce abin da ya fi damunsa shi ne ya san ƙa'idar. Ba a cewa adadi kurma ne sai an gwada shi har inda yawan tsibi zai yi daidai da abin da ke cikin kowane tsibi, kuma ga wannan adadin sai an kai arba'in da biyar. Ya koya wa ɗalibai wannan ƙa'ida ba sau ɗaya ba, amma bai taɓa ɗora ta a kan kyautar malaminsa ba, don yana ganin kamar rashin kunya ne a auna abin da aka ba ka a ƙofar gari. Ya ce tunda jimlar ta rabu, masu raba babban adadin sun ƙaru, ya tashi daga kamili ya koma mai rara. Game da malaminsa kuwa bai faɗi komai ba sai cewa a lokacin shi ma tsoho ne, idonsa ya yi rauni, kuma wataƙila haka ya karɓa daga nasa malamin. Ya yi masa addu'a mai tsawo.

Da la'asar ya sa Gwaggo ta ɗauko masa rigarsa ta Juma'a ya fita zaure. Na laɓe a bayan zana ina ji. Dattawa biyar ne ko shida, har da limamin unguwa. Baba ya yi gyaran murya ya ce yana da abin da zai warware, shekara arba'in yana koyar da kuskure, ya bayyana musu dalla-dalla. Liman ya tambaya ko abin ya shafi salla ko rabon gado. Baba ya ce bai shafa ba. Liman ya ce to alhamdu lillahi, Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ai ɗan Adam ajizi ne. Wani ya ce shi ma dai ya manta adadin tun tuni. Daga nan aka shiga maganar giwayen da suka fito daga daji suka tattake dawar mutanen wani ƙauye. Baba ya shirya wa gori da dariya, amma bai shirya wa wannan ba. Da ya shigo gida ya cire rigar ya ce mini ashe shi kaɗai yake ɗauke da kayan.

Baba ya ce akwai mutum ɗaya da ya san abin zai dama, wani tsohon ɗalibinsa da ya fi kowa kaifin kai, wanda ya koma Zazzau yana karantarwa. Ya faɗa na rubuta wa ɗalibin wasiƙa, ba kwana-kwana: abin da na sallame ka da shi kuskure ne, ka gwada ashirin da uku, ka gaya wa duk wanda ka koya wa. Amma a daminar nan mahara sun tsare hanyar daji, ba mai fita. Wasiƙar ta zauna a gafaka har kaka, sannan aka sami ayarin fatake masu kai ƙarfe da man kaɗanya, madugun ya karɓa.

Kafin amsa ta zo Baba ya ce mu ci gaba da ninki. Na goma sha biyu bai ɗauki lokaci ba, jimlarsa ta rabu da biyar. Na goma sha uku ya ba da dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya. Wannan ya fi ƙarfin tabarmata, sai ya koya mini zana lissafi a ƙasa da tsinke. Shi yana yi da ka, ni ina yi a ƙasa, in saurarmu ta zo ɗaya mu wuce, in ta saɓa mu sake. Sau da yawa ni ke kuskure, sau biyu shi ne. Ya ce wannan karon sai mun kai casa'in, ko da zai ɗauke mu shekara. A rana ba ma wuce ɗaya ko biyu, don yana saurin gajiya, ni kuma ga daddawa ga kasuwa. Gwaggo ta huce har takan tambaya daga bakin murhu ko yau ya amsa. Muna cikin rani muka gwada tamanin da tara, uku suka yi saura. Adadin bai amsa wa kowa ba, kurma ne.

Baba ya buga shi da ninkin ƙarshe, dubu huɗu da casa'in da shida, ni ma na buga a ƙasa, ya fito zambar dubu talatin da uku, da dubu ɗari biyar da hamsin, da ɗari uku da talatin da shida. Na ɗauka zai yi murna sosai. Ya ji daɗi, har ya sa aka sayo nono wajen Fulani aka dama fura mai kyau, amma da muka zo rubutawa bai yarda a sa an tabbatar ba. Ya ce in rubuta cewa tsoho makaho da 'yarsa sun gwada har tamanin da tara ba su sami mai raba shi ba, wanda ya samu ya gyara, Allah ya ba shi lada. Ya sa na rubuta adadin malaminsa ma a ƙasa, da bayanin inda ya karye, don kada wani ya sake faɗawa.

Da bazara, ɗorawa ta nuna ina ta tara sabuwar kalwa, madugun ya dawo da amsa da ƙullin goro. Na karanta wa Baba a rumfa. Bayan doguwar gaisuwa ɗalibin ya ce ya roƙi gafara, domin shi ya gano wannan tun shekara goma sha biyu da suka wuce. Sau uku yana rubuto wasiƙa yana wankewa. Sau ɗaya ma ya zo Birnin Gwari takanas don ya faɗa, ya kwana biyu a zaurenmu, ya ga yadda Baba yake ɗauko 'yar takardar nan yana nuna wa baƙi, sai ya kasa, ya koma da maganarsa a ciki. Ya ce ɗalibansa yana koya musu daidai, amma bai taɓa gaya musu daga wa kuskuren ya fito ba.

Baba ya tuna zuwan, ya ce har rago ya yanka masa, kuma ya lura yaron ba ya cin abinci, ya ɗauka gajiyar hanya ce. Na ga hawaye yana bin gefen idon da ya mutu. Ya ce bai ga laifinsa ba, shi ma da malaminsa yana raye bai san ko zai iya ba. Amma ya ce shekara goma sha biyu da ido a kansa, da ya yi aiki mai yawa a cikinsu. Nan take ya sa na ɗauko takarda. A wasiƙar ya gaya wa ɗalibin sabon adadin da muka samu, ya ce ya gwada da kansa kada ya karɓa don girman kowa. Sannan ya ce in rubuta: na haɗa ka da Allah, duk abin da ka gani ba daidai ba cikin abin da na koya maka, babba ko ƙarami, ka rubuto mini, kada ka ji kunyata, lokaci ya ƙure.

Ruwan farko da na biyu sun sauka yana nan. Ana cikin noman farko zazzaɓi ya kama shi, ya yi mako guda, ya rasu ranar Talata da hantsi, kansa a cinyar Gwaggo. Amsa ta biyu sai bayan sadakar arba'in ta iso, mai kawo ta bai ma san an yi rasuwar ba, ya tsaya a zaure yana sallama da Malam. Ɗalibin ya ce ya gwada sabon adadin wata guda cur, shi ma bai sami mai raba shi ba. Ya kuma lissafa wurare biyu da yake ganin Baba ya yi kuskure, ɗaya a ƙirgar kwanakin shekara, ɗaya a wata hanyar buga manyan adadi, kowanne da neman gafara a gabansa da bayansa.

Na zauna a ƙasa da tsinke na bi su. A na farko ɗalibin ne da gaskiya, na gyara a gefen warƙa ta bakwai da ƙaramin rubutu. A na biyu kuwa Baba ne da gaskiya, ɗalibin ya tsallake mataki ɗaya. Na yi kwanaki ina tunanin ko ya dace mace mai daddawa ta rubuta wa malamin Zazzau cewa ya yi kuskure. Gwaggo ce ta ce in rubuta, har ta ba ni goro biyar in haɗa masa da shi. Da kaka ayari ya tashi, na kai wa madugun wasiƙar da kaina.